Hayaƙin Motar Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Alheri, ƙanwar matata, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. Hoton ranar yana nan rataye a falon surukaina a Kafanchan, daidai saman talabijin, inda duk baƙon da ya zauna sai idonsa ya faɗa kai. In ya tambaya, Mama, wato surukata, ba ta gajiya da bayani. Ni kuwa a irin wannan lokacin nakan tuna cewa na bar wani abu a waje.

Bari in faro daga inda laifin ya faro. Ni malamin makaranta ne, darasin fasaha nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Ka ba ni alli da allo, zan zana maka injin mota har ka ji kamar zai tashi: ga fistin yana hawa yana sauka, ga inda fetur ke shiga, ga inda hayaƙi ke fita. Yara har tafi suke yi mini. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, kafin wannan abu ya faru ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin injin gaske ba.

A gidan surukaina kuwa sunana Injiniya. Lokacin da nake neman Rahila, matata, na je gaisuwa wata rana na tarar fankar falo ta ƙi juyawa. Na duba na ga waya ce ta zame daga soket, na mayar da ita. Mama ta tafa hannu ta ce, "Ashe injiniya ne Rahila ya kawo mana." Da na ce a'a a ranar, da magana ta ƙare. Amma neman shiga nake yi, sai na yi murmushi na sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyu ina amsa sunan nan (har na fara jin haushi in wani a gidan ya kuskura ya ce mini Ticha).

Surukina, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. 'Ya'yansa biyar, duk mata. Rahila ce babba, Alheri ce auta. Da ya ajiye aiki ya sayi wata farar mota a hannun wani, wadda ko a lokacin ba yarinya ba ce. Ba ya wani yawo da ita in ban da zuwa coci da ɗauko buhunan citta daga gonarsa ta wajen Fadan Kaje. Amma akwai aiki ɗaya da ya riƙe kamar wa'adi: duk 'yarsa da ta yi aure, a motar nan ake ɗauko ta daga ƙofar coci zuwa filin firamare inda ake cin abincin biki. Shi da kansa ya tuƙa Rahila, ya tuƙa ukun da ke bin ta. Kafin a zo kan Alheri idanunsa sun yi yana, likita ya raba shi da sitiyari. Sai ya kira ni, ya sa makullin a tafin hannuna, ya rufe da nasa hannun.

"Ba ni da yaro namiji, kai ne," ya ce. "Motan nan ya kai huɗu, shi zai kai na biyar. Amma yana shan mai da yawa. Ka kai wa Idi ya duba shi kafin biki."

Gaskiya ne, tana shan baƙin mai. Ka cika yau, ka je Kagoro ka dawo, in ka zaro sandar awo sai ka ga ya sauka. Ga wani hayaƙi shuɗi-shuɗi da ke bin ta daga salansa, mai warin ƙonannen mai.

Malam Idi makanike ne, garejinsa na bayan kasuwa, kuma tun ranar da Baba ya sayi motar babu hannun da ya taɓa ta sai nasa. Abokantakarsu ta girmi motar nesa ba kusa ba. Naman layyarsa na zuwa gidan Baba, shinkafar Kirsimetin Mama na zuwa gidansa. Da na kai masa, bai yi dogon bincike ba. Ya sa na taka totur, ya tsuguna ya dubi hayaƙin, ya kwance fulogi ɗaya ya nuna mini bakinsa ya yi baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

"Ringi ne," ya ce. "Sun cinye."

Ringi, ga wanda bai sani ba, wasu siraran zobba ne na ƙarfe da ke zagaye da fistin, su ke tare mai kada ya haura inda wuta ke ci. Na san wannan, na sha zana su. Maimakon in ce to, sai na gyara tsayuwa na fara yi wa Malam Idi darasi. Na yi masa bayanin matsin iska, na yi masa na zafi, har ina zana da'ira a kan ƙurar bonet da yatsa. Ya bar ni na gama tsaf yana goge hannu da tsumma.

"Wannan injin allo ne, Ticha," ya ce cikin murmushi. "Shi ba ya ɗiga wa mutum mai a riga. Kawo ta Litinin, Laraba ka ɗauka."

Wasu direbobi biyu da ke zaune a kan benci suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani. Amma ta bi ni har gida, ta ci tuwo tare da ni, ta kwana da ni. Kafin gari ya waye na riga na yanke shawara: ni zan canza ringin nan da hannuna, kuma sai a filin biki kowa zai ji.

Komai ya taru ya taimaki wautata. Hutun Ista ne, ba makaranta. Rahila ta kwashi yaranmu, su Godiya, ta tare gidansu na mako guda, don aikin biki ya kankama, ana jiƙa gero, ana tsintar shinkafa, ana rigimar anko. Da tana gida da ba a yi haka ba. Rahila takan gane ina shirin ɓarna tun daga yadda nake ajiye takalmi. Na sayo sababbin ringi da gaskit mai hana yoyo, na kwaso sifanu daga ɗakin aikin makarantarmu, na shigar da motar bayan gida ƙarƙashin mangwaro. Sannan na yi ƙarya guda biyu, kuma su ne suka fi injin nauyi a raina har yau. Da Baba ya tambaya, na ce mota na wajen Malam Idi. Da Malam Idi ya bugo waya ranar Litinin yana cewa bai ga mota ba, na ce Baba ya ce a bari sai bayan biki, za mu lallaɓa da ita haka.

"To, Allah ya kai mu," ya ce. "Amma kada ku bar ta tana tafiyar hawainiya, a nan take fi yin hayaƙi."

Na ce na ji. Ban ji ba.

Kwana biyar na yi a ƙarƙashin mangwaron nan, ni da wayata da wani Bature mai gyaran mota a bidiyo. Na cire kan injin, na kwance kaskon mai na ƙasa, na turo fistin huɗu waje ɗaya bayan ɗaya. Kowane noti na cire sai in jera shi a kan farantan Rahila na baƙi, in rubuta lambarsa da alli. In ka ga wurin sai ka rantse za a duba shi a ba da maki. Daidai lokacin da Baturen ya ɗauko sabon ringi zai sa, data ta ƙare mini. Na dubi wayar, na dubi ringin, na ce ai abin da ya rage hankali ne kawai.

Kowane ringi yana da 'yar tsaga inda bakinsa biyu suka haɗu, kuma a fuska ɗaya akwai ɗan ɗigo. Ɗigon na ɗauka tambarin kamfani ne, na kifa su duka ya dubi ƙasa don aikin ya fito fes. Tsagogin kuwa da na sa su sai na ga kowace ta kalli nata gefen, wannan gabas wannan kudu. Raina bai so ba. Ni mutum ne da in na tsaya a gaban taron safe na ga layin aji ɗaya ya karkace, ba a fara addu'a sai ya miƙe. Na ɗauko rula, na juya ringin nan ɗaya bayan ɗaya har tsagogin suka hau layi guda daga sama zuwa ƙasa, a kan fistin huɗun duka. Na ja da baya na kalle su na ji daɗi (har hoto na ɗauka, kuma na goge shi tuni).

Ranar Juma'a da la'asar na ɗaure noti na ƙarshe. Ko ɗaya bai ragu a faranti ba, abin da ya ƙara kumbura mini kai. Na murza makulli, ta yi tari sau biyu, ta tashi. Ni kaɗai na yi rawa a bayan gida da gajeren wando. Sai da na gama rawar na lura hayaƙin ya rufe mangwaron, kuma maƙwabciyarmu ta fito da gudu tana kwashe shanyarta. Na gaya wa kaina man da na shafa wajen haɗawa ne yake ƙonewa, kuma sabon ringi sai ya ɗan zauna. Na wanke hannu da kananzir, na wanke da garin sabulu, na goga da yashi, amma baƙin da ya shige ƙarƙashin farcena ya ƙi fita. Ban damu ba. A gaban madubi na tsaya ina gwada jawabin da zan yi in an zo godiya: "Jama'a, motar nan da kuka gani, ba kowa ya gyara ta ba illa ɗanku."

Da safen Asabar na ɗauko amarya zuwa coci da ɗan gudu, iska na kwashe abin da ke fitowa a baya. Wani ɗan acaɓa ya wuce mu ya toshe hanci yana nuna mini salansa, na ɗaga masa hannu kamar gaisuwa ce. Ana tsakiyar wa'azi na sulale waje na zaro sandar awo. Tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba, ta sha abin da da takan sha a zuwa Kagoro da dawowa. Na ɗauko galan ɗin baƙin mai da na ɓoye a but na ƙara mata, na koma na zauna ina rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

Yanzu sai in gaya maka yadda ake rakiyar amarya a cocinmu, don a nan abin yake. Ba a ɗaukar ta a wuce. Mota takan tafi a hankali, taku-taku, matan zumunta na biye da ita a ƙasa, da fararen riguna da fararen ɗankwali, suna buga tulu suna kaɗa caki suna waƙa har filin firamare. Na gaba-gaba sukan dafa but ɗin motar ma. Uwar amarya ce a tsakiyarsu. Bayansu sauran jama'a, har da maƙwabta Musulmi da suka jira a inuwar bishiya a ƙofar coci don su bi mu wajen cin abinci. A cikinsu na hango Malam Idi da farar babbar riga da hula. Ya ɗaga mini hannu, na yi kamar ina gyara madubi.

Ango da amarya suka shiga baya. Baba ya ƙi shiga, ya ce zai taka da sandarsa kusa da tagar 'yarsa. Na tayar da mota, na sa giya ɗaya, muka fara rarrafe. Mata suka ɗauki waƙa.

Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu na dubi madubi na ga kamar an kunna ɗanyen itace a bayana. A na uku ban ƙara ganin matan zumunta ba sam, muryoyinsu kawai nake ji, su ma sun fara raguwa. Mai ba da waƙa ta ja wata doguwar murya ta ƙare da tari. Tulu ɗaya ya yi shiru, sai na biyu. Na ce bari in ɗan taka totur ko ya washe, kuma wannan ita ce dabara mafi muni da na yi a makon gaba ɗaya: salansa ta yi aman wani baƙin ruwa-ruwa, feshi guda, a kan duk wadda ke layin gaba. Injin ya fara rawar sanyi, ya yi wata ƙara kamar an fasa leda, ya mutu. Muna tsakiyar titi, ko rabin hanya ba mu yi ba.

Da hayaƙin ya ɗan ɗaga, na ga fararen rigunan nan sun yi ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Wata dattijuwa na zaune a bakin kwalbati ana yi mata fifita da takardar tsarin biki. Alheri ta leƙo daga baya ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ina murza makulli, mota na amsawa da tari.

Sai na ji muryar Mama. Ba wajena ta nufa ba. Ta ratsa jama'a, ɗankwalinta a karkace, har gaban Malam Idi.

"Malam Idi, haka za ka yi mana? Sati guda motan nan yana hannunka. Shekara nawa muna tare? Ranan auren auta na ne ka ga ya dace ka kunyata mu?"

Wani daga baya ya ce makanikan yanzu sai a hankali. Wata ta ce dama an ce ya tsufa, ido ba ya gani. Mutanen da suka zo tare da shi daga kasuwa suka sunkuyar da kai. Malam Idi ya juyo ya dube ni ta gilashin gaba, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin na mutumin da lissafi ya gama fito masa. Sannan ya mayar da fuskarsa ga Mama.

"Ki yi haƙuri, Maman Rahila," ya ce. "A yi haƙuri."

To, ga abin da ya sa na ce ba zan manta ba. Ba hayaƙin ba ne, ba rigunan ba ne. Dattijon nan ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba, a gaban rabin unguwa, ni kuma ina zaune riƙe da sitiyari, kuma wani sashe na zuciyata ya ji sanyi. Na ji sashen nan sarai yana ce mini: ka yi shiru, ya riga ya ɗauka, gobe ka je ka ba shi haƙuri a ɓoye. Na yi shirun kuwa. Ban san ko minti nawa ba ne, amma ya isa a ce na yi.

Ina so in ce lamirina ne ya fito da ni daga motar. Ba shi ba ne, Rahila ce. Ta zo ta tagar direba da nufin tambayata ko a kira wata mota, sai idonta ya sauka a kan hannuwana. Ta dubi farcen nan goma masu baƙin mai, ta dubi fuskata. Shekara goma sha biyu na aure ba wasa ba ne.

"Baban Godiya," ta ce a hankali, yadda ko ango bai ji ba, "ka fito ka faɗa, ko ni in faɗa."

Na fito. Na tsaya kusa da bonet, cikin kwat ɗina mai fure a aljihu, na ce, "Mama, ba Malam Idi ba ne. Bai taɓa motar ba. Ni na kwance ta a gida."

Shekarun da Baba ya yi cikin ƙarar jirgi sun ci masa kunne ɗaya. Ya karkato da mai jin, ya ce, "Me ya ce?"

Na sake faɗa.

"Ka ɗaga murya, Injiniya."

Haka na yi jawabin da na gwada a gaban madubi, kusan kalma da kalma, da iyakar muryata ta taron safe: motar nan da kuka gani, ba kowa ya gyara ta ba illa ni. Na ƙara da abin da ba ya cikin shirin, cewa na yi wa Baba ƙarya, na yi wa Malam Idi ƙarya. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya lalubi hanya da sandarsa har gaban Malam Idi, ya cire hularsa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Mama ta rufe baki da gefen zani, ta durƙusa har ƙasa a gaban mutumin da ta gama yi wa faɗa, shi kuma yana ta cewa ta tashi, ba komai, ba komai. Ni ne na jawo wa tsohuwar nan durƙuson, kuma ina tsaye ina kallo.

Wani abokin ango ya matso ya ce ga motarsa nan mai sanyi, a mayar da amarya ciki. Alheri har ta kama murfin ƙofa. Baba ya ɗaga sanda.

"Auta ba zai sauka ba. Motan nan ya kai huɗu." Ya juya. "Idi, shiga ka kama sitiyari." Sannan ya juyo inda yake jin numfashina. "Injiniya, ka kashe mana inji. To yau kai ne inji."

Samari suka taso za su taya ni, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Na cire fure daga aljihu ban san dalili ba, na miƙa wa Rahila, na zagaya baya na dafa but da hannu biyu. Rana ta Afrilu tana tsakiyar ka. Na tura, ba ta motsa ba. Malam Idi ya leƙo ta taga ya ce, "Ticha, bari in sauke birkin hannu tukuna." A nan ne dariyar ta fashe, ta kowa da kowa, har da amarya.

Motar ta fara gangarawa. Matan zumunta suka karkaɗe riguna, mai ba da waƙa ta gyara murya, tulu ya dawo. Haka muka bi titin nan, ni a sunkuye, takalmin biki na zamewa, zufa na bin bayana har cikin safa, mata arba'in na waƙar godiya a ƙeyata. Masu shaguna suka fito. 'Yan makarantarmu biyu ko uku da ke cikin taron suka gaishe ni da ladabi, "Sannu da aiki, sa," abin da ya fi zagi ciwo.

Dab da filin firamare akwai ɗan hawa. A nan ƙarfina ya ƙare, motar ta tsaya, ta fara dawowa kaina. Sai na ji kafaɗa kusa da tawa. Mama ce, da rigarta mai ɗige-ɗige, ta sa hannu a but ba ta ko dube ni ba. Sai ta kusa da ita, sai ta gaba, har wurin dafawa ya ƙare, waƙa ba ta tsaya ba. Muna kaiwa kan tudun Mama ta ce da matar da ke gefenta, yadda zan ji, "Wannan injin dai ba ya hayaƙi, zufa kawai yake yi." Daidai nan mai hoto ya ɗauka. Hoton nan ne a saman talabijin.

Ranar Litinin aka ja motar zuwa bayan kasuwa, na bi ta da kaina, ba wanda ya aike ni. Malam Idi ya zaro fistin na farko, ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya jera su haka?"

Na ce ni ne. Da rula.

"Ai ka buɗe wa mai titi ne, Ticha. Tsagar nan rarraba ta ake yi, wannan nan, wannan can, don in mai ya wuce ɗaya ya tarar da ƙofa a rufe. Ɗigon nan kuma sama yake kallo. Da ka kifa shi, maimakon ya share mai ya mayar ƙasa, sama yake kwasarsa yana kai wa wuta." Ya miƙo mini fistin ɗin. "Amma ka ɗaure notinka da kyau, wannan kam ba zan hana ka ba. Zauna ka sake, ina kallo."

Na zauna a kan bencin direbobin nan na sake, yana gyara mini hannu. Sai da muka kai na huɗu na iya tambayarsa abin da ke cina tun Asabar: me ya sa bai ce ba shi ba ne?

Ya ci gaba da goge kan injin bai ɗago ba. "Ranar auren autar Yohanna ce. Mota ta riga ta mutu. In na buɗe baki, sai ya rasa mota ya rasa ɗa a rana ɗaya. Ni in an zage ni Asabar, Litinin zan buɗe gareji."

Na sunkuya ina neman wani noti da bai ɓace ba.

Motar tana nan, ta daina shan mai, ni nake kai Baba coci da ita, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Makullin ma bai karɓa ba. Abin da na koya ba shi da yawa: in an laƙa maka sunan da ba naka ba, ka mayar tun yana sabo, don in ya kwana biyu sai ka fara yarda da shi. Ni na makara. Yanzu duk wanda ya ce mini Injiniya nakan yi sauri in ce a'a, malamin makaranta ne. Ba ya hana komai. Da, gidan surukaina kaɗai ake kirana haka. Tun ranar nan har masu kayan miya a kasuwa sun ɗauka, kuma in zan wuce sai wata ta tambaye ni, da fuskarta a ɗaure, ko yau da mai a jikina ko sai an tura.